Injin da Ke Jin Kunyar Idon A-Sung

Teburina da na Pan Tien-sung a manne suke a hawa na shida na wani dogon gini a unguwar Neihu ta birnin Taipei, kuma mun daɗe a haka har na san ƙarar tarinsa. A-Sung muke ce masa, yaran da suka zo daga baya kuma Yaya Sung. Kusan sa'anni muke, saboda haka duk abin da ya zo bakina nake faɗa masa, shi kuma sai ya tura tabarau sama ya ce, "A-Lan, ke dai ba kya gajiya." Gaskiyarsa ne, ba na gajiya, kuma shi yake ba ni abin faɗa. Mutum ne mai sanyi har ya yi yawa. Shayi ma babu sukari yake sha, shi ya sa muke ce masa ɗan Tainan na jabu, don mutanensu ko a miya sai sun zuba sukari.

Ɗan Yujing ne, can cikin tuddan bayan Tainan, inda kowane gida ke da gonar mangwaro. Yana yaro aikinsa shi ne sa wa 'ya'yan mangwaro jakar takarda tun suna kan bishiya don kada ƙwari su taɓa su, ɗaya bayan ɗaya, cikin ranar da ke dafa ƙwaƙwalwa. Ya sha gaya mini ba son karatu ne ya kai shi jami'a ba, gudun jakunkunan nan ne. Ya yi karatu a Hsinchu, ya yi aikin soja a wani tsibiri yana gadin rediyo, ya yi 'yan shekaru a wani kamfanin haɗa kwamfuta, sannan ya faɗo wajenmu. Ya auri Su-yueh, 'yar garinsu, mace mai baki kamar ni, shi ya sa jininmu ya haɗu. 'Yarsu ɗaya, Yu-tung.

Shekarar da Yu-tung ta gama firamare, mahaifin A-Sung ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Uwar ta tsufa, ba ta iya ɗaga shi. Su-yueh ta ajiye aikinta a wani asibitin haƙori, ta kwashi yarinyar suka koma Yujing, ta riƙe tsohon, ta riƙe tsohuwar, ta riƙe gonar. An yi da A-Sung zai biyo su da zarar an sami kujera a reshen kamfaninmu na Tainan. Ya saki gidan da suke haya, ya kama ɗaki ɗaya na kwano a saman wani bene a Sanchong, gefen Taipei, ya ce ai na ɗan lokaci ne. Ko labule bai saya ba. A lokacin da nake ba da labarinsa, Yu-tung saura mata shekara guda ta gama sakandare ta tafi jami'a, shi kuma yana nan a ɗakin kwanon.

Abin da ya riƙe shi ba wani babban abu ba ne in ka ji shi a baki. Mu hayar kwamfuta muke bayarwa, amma ba ta ƙarfe ba. Akwai manyan injuna a ɗakin sanyi, muna ce wa kowanne mai masauki. A cikin kowanne akwai baƙi da yawa, wato kwamfutocin da manhaja ce zalla, kowace tana aikinta kamar ita kaɗai ce a gidan. In mai masauki yana bukatar gyara, sai mu ɗauke baƙon mu kai shi wani injin yana tsakiyar aiki, ba a kashe shi, shi kansa bai san an taɓa shi ba. Ƙaura muke ce wa wannan, kullum ana yi, ba wanda ke ɗaga kai.

Sai ga wata ƙungiyar bankunan manoma ta zo mana da nata salon. Tsohuwar manhajarsu ba ta zama sai a tsohon tsarinta, mutumin da ya rubuta ta kuma ya daɗe da mutuwa, don haka baƙonsu shi ma yana da baƙi a cikinsa. Baƙo ya yi baƙo ke nan. In aka yi ƙaura da irin wannan, yawanci lafiya lau. Amma jefi-jefi baƙon ciki sai ya isa sabon wuri ya tsaya cak. Bai mutu ba, bai kuma rubuta cewa ga abin da ke damunsa ba. Yana tsaye kawai, a can ƙauyuka kuma tsofaffi na layi a gaban kanta, ma'aikaciya na ba su haƙuri.

A wajenmu wanda ya taɓa abu na ƙarshe shi ne mai shi. A-Sung ya taɓa gyara wani ɗan layin manhaja a sashen ƙaurar nan tun da daɗewa, don haka shugabanmu Manaja Chiu ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaya Sung, ɗan duba mana wannan." Da wannan dafa kafaɗar aka ɗaure shi.

Abin da kowa zai yi shi ya yi. Ya rubuta 'yar manhajar da ke bin ƙaurar tana rubuta kowane motsi, don ranar da baƙon ya tsaya a ga inda ya yi tuntuɓe. Ya kunna ta, ya zauna yana kallo. Baƙon ya ƙi tsayawa. Wata ya wuce, wani ya biyo, duk ƙaurar da A-Sung ya zauna a kanta sai ta wuce sumul. Shi ya gane dalili tun da wuri, ya kuma faɗa a taro: rubutun da 'yar manhajar ke yi yana rage wa aikin gudu da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wannan ɗan jinkirin ne ke sa abubuwa biyun da ke karo su saɓa. Cutar tana nan, in ji shi, ɓuya ta yi.

Manaja Chiu ya ce, "Wato in kana kallo ba ya tsayawa."

"Ba haka na ce ba. Cewa na yi..."

"Na ji ka, na ji ka. Amma a taƙaice, in kana kallo ba ya tsayawa."

Na ce, "Manaja, ba idonsa ba ne fa, manhajar ce. Ko kare aka koya wa zai kunna ta."

"To A-Lan, sai ki nemo mana karen."

Kowa ya yi dariya, har da A-Sung.

An kuwa gwada. Lokacin bikin sharar kaburburan kakanni A-Sung ya ɗauki hutu, wani abokin aikinmu ya kunna 'yar manhajar daidai yadda aka nuna masa, baƙon ya tsaya cak. Sa'a ce kawai ta ƙi, don jinkirin rage haɗarin yake yi, ba kawar da shi ba. A-Sung ya yi wannan bayani har bakinsa ya bushe, wa ya saurare shi? A jirgin ƙasa kiran ya same shi. Ya sauka a Taichung ya hau mai dawowa, da kwalin kek ɗin da ya saya wa mahaifiyarsa a hannu. Mu muka cinye kek ɗin.

Kada ka ɗauka jahilai ne, duk masu digiri ne, wasu ma biyu-biyu. Amma ka shiga ɗakin sanyinmu ka gani. A kan kowane inji akwai koriyar ledar gugguru mai ɗanɗanon kwakwa, an ajiye don injin ya yi ladabi. Dole kore, ba a ci, kuma kafin ta lalace a sauya. Ni ma ina ajiyewa, me zai rage ni? Mutanen da suka saba da haka ba su sha wahalar yarda cewa injin na jin kunyar idon A-Sung ba. Shugaban sashen kwamfuta na bankunan, Darakta Weng, wani gajeren dattijo mai fara'a, ya sa aka rubuta a kwantiragi cewa ba ƙaura sai Pan Tien-sung na zaune. A walimar ƙarshen shekara aka kira shi kan dandamali aka sa masa koriyar riga, aka yi ta tafi da fito. Ya tsaya yana murmushi kamar wanda aka taka wa ƙafa a gidan surukai. Ni ban yi tafi ba. Raina ya ɓaci, na fita na tsaya wajen lif ɗin hawa bene har aka gama.

Daga nan rayuwarsa ta koma hannun injuna, su kuwa ba sa tambayar ranar hutu kafin su yi zafi. Bai isa ya shiga silima ba, bai isa ya hau dutse inda waya ba ta kamawa ba. In ya samu ya je Yujing ranar Asabar, jakar kwamfuta na kafaɗarsa har wajen cin abinci, kuma sau da yawa kafin a kawo miya an kira shi. Girman Yu-tung a hoto ya gan shi. Ya taɓa saya mata takalmi ya kai, ƙafar ta wuce shi tuntuni, ya dawo da shi ya ajiye a ƙarƙashin tebur yana jin kunyar mayarwa kanti.

Sau ɗaya na je ɗakinsa, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi na kai masa magani da kunun shinkafa. Zafin kwanon ya mare ni tun daga ƙofa. Katifa a ƙasa, fanka, tukunyar dafa shinkafa, sai kwalaye jingim a jikin bango, duk a liƙe yadda Su-yueh ta liƙe su ranar da suka tashi, da rubutun hannunta a kai. Yana kwance yana rawar ɗari, kwamfutar a buɗe kusa da matashinsa.

Na ce, "Kai yanzu nan kake kwana? Ko kaza aka sa a nan sai ta kai ƙara."

"Na ɗan lokaci ne."

"Ka buɗe kwalayen mana, ka zauna kamar mutum."

"In na buɗe sai na sake liƙewa."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa.

Kujera ta buɗe a Tainan, Manaja Chiu ya ce, "Wa za ka miƙa wa aikin?" Ta sake buɗewa, ya sake faɗin haka. Na ce ni zan karɓa. Darakta Weng ya aiko da amsa cikin ladabi cewa shi bai san wata A-Lan ba. Da ta buɗe a karo na gaba, shugaban reshen Tainan, wanda ya riga A-Sung a jami'a, ya kira shi ya ce, "Ƙanena, zan riƙe maka ita har yara su koma makaranta bayan dogon hutu. Daga nan ba ruwana, na sama ma suna da nasu mutanen, kuma ba na jin za a sake samun wata."

Ranar muna cin abincin rana a tebur, shinkafa da cinyar kaza a kwali kamar kullum, na ce masa, "Ka ajiye aikin mana! Ka tattara ka tafi, su ci kansu."

"In ajiye wa zai ɗauke ni a can? Dubi furfurar nan."

"To ka faɗi a ofis, mu ɗauke ka ranga-ranga, likita ya ce sai iskar kudu."

"Ni ban iya ba."

"Me ka iya?"

Ya daɗe yana tauna, sannan ya ce, "Zan gyara shi."

Kamfani bai ba shi lokacin gyaran ba, don a wajensu abin da ke aiki ba a taɓa shi. Sata ya riƙa yi daga lokacin cin abinci da sanyin safiya kafin mutane su zo. Ya roƙo tsofaffin injuna biyu da za a zubar, ya tura su ƙarƙashin teburinmu, zafinsu na gasa mini ƙafa ina zaginsa. Ya sa baƙo mai baƙo yana kai da komowa tsakaninsu ba dare ba rana, ba tare da 'yar manhajar nan ba, yana jiran ya tsaya. In ya tsaya sai ya farke cikinsa ya bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wani lokaci mako ya wuce bai tsaya ba. Wani lokaci ya tsaya, a duba a ga wata cutar ce daban.

Wata safiya ana yayyafi ya taɓa hannuna ya ce, "A-Lan, zo ki ga."

Na gangaro da kujerata. Ya nuna mini wasu lambobi.

"Kin ga lokacin da ake dakatar da baƙon waje don a kwashe kayansa na ƙarshe? Wani lokaci a daidai nan akwai saƙon da aka aiko wa baƙon ciki, irin wanda ke ce masa tashi, aikinka ya iso. Baƙon waje ya riga ya ɗauko saƙon daga inda ake ajiyewa, bai kai ga miƙawa ba. Ana kwashe abin da ke ajiye, ana kwashe abin da aka riga aka miƙa. Abin da ke hannu kuwa ba wanda ya tuna da shi."

"Sai na cikin ya isa can ya zauna jira."

"Ya zauna jira."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Gyaran bai cika shafi ɗaya ba. Na kalli shafin, na kalli furfurarsa, na ji kamar in ɗaga injin in wurga ta taga.

Manhajar ba tamu ba ce mu kaɗai, duniya ke amfani da ita, don haka sai da ya aika gyaran ga masu kula da ita. Wani mutum a Turai da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba ya yi ta dawo masa da shi: raba shi gida biyu, sauya sunan nan, bayaninka bai fito ba. A-Sung ya yi ta gyara Turancinsa yana gumi. Ranar da mutumin ya rubuto cewa ya karɓa, A-Sung ya sauka ƙasa ya sayo wa kowa shayi mai ƙanƙara, nasa har da sukari. Ban taɓa ganinsa yana tafiya da sauri ba sai ranar.

Darakta Weng ya zo da kansa, ya saurari bayanin yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Na ji, kuma na gode. Amma ni tsoho ne, sai na gani." Ya kafa sharaɗi. A hutun bikin tseren kwalekwale bankuna na rufe, a lokacin za a kwashe dukkan baƙinsu daga tsohon ɗakin sanyi zuwa sabo. Sau ɗaya a shekara suke yarda da babbar ƙaura irin wannan, don bayanta watan fatalwa ke tafe, wanda ake camfa shi, ba mai motsa komai, daga nan kuma sai hidimar ƙarshen shekara. A-Sung ya bar Taipei gaba ɗaya, kada ya taɓa, kada ya kalla. Ni zan ja aikin. In komai ya wuce lafiya, a cire sunansa daga kwantiragi, ya tafi Tainan da albarkar kowa.

Ana saura 'yan kwanaki Su-yueh ta kira ni, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"A-Lan, ki ƙwace kwamfutarsa. In ya shigo mini gida da jakar nan, a kwata zan jefa ta."

"Kwantar da hankalinki, har jakar zan riƙe."

"Ke kin san ban taɓa ƙorafi ba."

"Ke? Haba Su-yueh."

Ta yi dariya, sai kuma muryarta ta sauya. "To na yi, amma ban gudu ba. Na wanke ubansa, na ciyar da uwarsa, na sa wa mangwaro jaka har yatsuna sun ƙage. Yarinyar nan shekara ɗaya ta rage mata a gidan nan. So nake ta tashi da safe ta ga ubanta yana goge baki a tsakar gida. Abin da nake nema ke nan, ya yi yawa?"

Na ce bai yi ba.

Ranar da zai tafi ya ajiye kwamfutar a teburina da hannu biyu. Na miƙa hannu na ce, "Wayar fa?"

"Tikitina na ciki."

"To cire manhajar ofis, ina gani."

"Zan makara. A jirgi zan cire."

Ya ɗauki ledar tsarabarsa ya fita, kafaɗarsa ɗaya a sama saboda sabo da jakar da babu.

Ranar bikin gari ya yi zafi tun da safe, tituna fayau. Mu uku ne a ɗakin taro, ni da Manaja Chiu da Darakta Weng, wanda ya zo da ƙullin dunƙulen shinkafa a ganyen gora da matarsa ta yi. Kowa ya buɗe shafin da ke nuna tafiyar ƙaurar, muka kuma haska shi a babban allo. Da hantsi na fara. Baƙi suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sauka sai layinsa ya koma kore. Na farko ya wuce, na biye ya wuce, manyan da muka fi tsoro suka wuce da 'yan cikinsu suna aiki kamar ba a yi komai ba. Manaja Chiu ya fara kwance ganye yana ci.

A kusurwar allon akwai inda sunayen masu kallon shafin ke fitowa. Wajen tsakar rana, an kai kusan rabi, suna na huɗu ya haska a ƙarƙashin namu.

Darakta Weng ne ya fara gani. Ya nuna da tsinken cin abinci, baki cike, ya ce, "Af! Ga mutumin!" Ya yi dariya har ya ƙware.

Na kira wayar A-Sung, bai ɗauka ba. Na rubuta masa, fita, ana ganinka. Na sake rubutawa da zagi. Sunan bai motsa ba har baƙo na ƙarshe ya sauka. Ba ko ɗaya da ya tsaya. Darakta Weng ya miƙe, ya goge hannu, ya ɗan rusuna wa allon.

Bayan hutu aka zauna. A-Sung ya shigo rana ta ƙona masa wuya, ya zauna kusa da ni bai kalle ni ba. Zan faɗi gaskiya game da Manaja Chiu, ranar ya yi ƙoƙari.

Ya ce, "Yaya Sung, taimake ni in taimake ka. Kallo kawai ka yi a waya, ko? Ba ka kunna komai ba?"

"Ban kunna ba."

"To ka gaya wa Darakta kallon nan ba zai iya sauya komai ba. Ni zan tsaya maka."

Darakta Weng ya ce, "In ya faɗa na yarda. Mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. A-Sung, ka ce ba zai iya ba, yau ɗin nan in sa a cire sunanka."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur da dukkan ƙarfina.

Ya ce, "Shafin da na buɗe yana tambayar mai masauki ina aka kai, a kai a kai. Kowace tambaya sai injin ya ɗan dakata ya amsa."

Na ce, "Ai mu ma shafin muka buɗe, mu uku!"

"Eh. Da ni aka zama huɗu." Ya juya ga Darakta Weng. "A ganina bai sauya komai ba. Gyaran ne ya yi aiki. Amma in ce ba zai iya ba... wannan ban gwada ba, Darakta."

Darakta Weng ya buga cinya. "Kun ji ko? Shi ya sa nake son sa! Ba komai, baɗi sai mu sake gwadawa."

A matakalar baya na same shi, inda masu shan taba ke laɓewa, shi da ba ya sha. Yana zaune a kan siminti. Na rufe ƙofa na sauke masa duk abin da ke cikina.

"Kalma ɗaya! A'a kawai za ka ce! An buɗe maka ƙofa, an riƙe maka ita, ka tsaya kana auna faɗinta! Wai kai wane irin mutum ne? Gyaran naka ba daidai ba ne?"

"Daidai ne. Na fi mutumin Turai sanin daidai ne."

"To uban me ya kai ka leƙawa?"

A hankali ya fara magana, yana kallon bango.

"Da safe lafiya lau. Na aske wa Baba gemu, na taya su ƙulla shinkafa. Da na san kin fara, sai na ji kamar na bar tukunya a wuta na kulle gida. Na zaga bayan rumfar da ake jera kwandunan mangwaro, na ce sau ɗaya zan leƙa. Da na leƙa na ga suna wucewa, sai na ji in na rufe zai tsaya."

"Kai ma?"

"Ni ma. Na ga saƙonki. Yatsana ya ƙi."

Na zauna a matakalar da ke sama da tasa, duk zagin ya ƙare mini. Na ce, "Su-yueh fa?"

"Ita ta same ni a tsugune. Ba ta ce komai ba. Ita ta kai ni tasha a mota, har na sauka ba ta ce komai ba."

Na san Su-yueh, da ta zage shi da na fi samun natsuwa.

Ya ce, "Yu-tung tana tsakar gida tana fama ta tsayar da ƙwai a kan gindinsa. Kin san in ya tsaya da tsakar ranar bikin, shekarar ta yi kyau, ga jarrabawa a gabanta. Na ji tana kira, Baba zo ka gani, Baba yi sauri. Na ce ina zuwa. Da na fito an riga an mayar da ƙwan kicin."

"Ta yi fushi?"

"Ko kaɗan. Ta ce, ba komai Baba, ai ya tsaya ko da ba ka kalla ba."

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ciro waya ya kira shugaban reshen Tainan, ya ce, "Yaya, ni ne. Ka ba wani kujerar."